Gyaran koton jabu a fatsar manyan kifayen ruwan daɗi

Gyaran koton jabu shi ne sauye-sauyen da mai fatsa yake yi wa koton da aka ƙera a masana'anta, bayan ya saya, domin ya dace da kifin da yake nema da ruwan da zai jefa shi. Koton jabu abu ne da ake yi da katako ko roba ko ƙarfe, a ba shi siffar ƙaramin kifi, kwaɗo, tana ko ƙwaro, sannan a rataya masa ƙugiyoyi. Ba nama gare shi ba, don haka motsinsa a cikin ruwa ne yake ruɗin kifi har ya kawo masa cafka. Gyaran ya ƙunshi canza ƙugiyoyi da zobban da ke riƙe da su, ƙara nauyi ko rage shi, lanƙwasa idon da ake ɗaura zare, goge leɓen koto, sauya launi, da sanya masa ƙara ko kashe wadda yake da ita.

Al'adar ta fi ƙarfi a wurin masu fatsar nishaɗi da na gasa da ke bin manyan kifaye mafarauta: giwan ruwa (Lates niloticus) a Tafkin Nasser na Masar da ƙarƙashin Gangaren Ruwan Murchison na Yuganda, tsage (Hydrocynus) a Kogin Zambezi, maski (Esox masquinongy) a Amurka da Kanada, faik (Esox lucius) a Turai, da tucunaré a yankin Amazon na Birazil. Matsalar da duk suke fama da ita ɗaya ce. Babban kifi yana buƙatar ƙarfe mai kauri, ƙarfe mai kauri yana da nauyi, nauyi kuma yana canza iyon koton, wanda shi ne dalilin da ya sa kifin ya kula shi tun farko. Mafi yawan abin da ake kira gyara ƙoƙari ne na ƙara ƙarfi ba tare da an kashe iyon ba.

Asali

Da yawa daga nau'o'in koton da suka shahara sun fara ne a matsayin gyaran wani abu dabam. Ana ba da labari cewa Julio Buel na Amurka ya ga cokalinsa ya suɓuce cikin tafki, yana lilo zuwa ƙasa sai kifi ya kai masa hari, shi kuwa ya koma gida ya yanke mariƙin wani cokali ya liƙa masa ƙugiya. Ko haka abin ya faru ko an ƙara masa gishiri, Buel ya yi rajistar koton cokali a 1852, kuma har yau da sunan cokali ake kiran wannan nau'i. James Heddon, mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan, ya fara da sassaƙa katako, kamfaninsa ya kafu a 1902. Injiniya Bafaranshe André Meulnart ya fito da koton Mepps mai faranti mai juyawa a 1938, Nick Creme kuma ya zuba tanar roba a jihar Ohio a 1949.

Wanda tarihinsa ya fi bayyana muhimmancin iyo shi ne Lauri Rapala, masunci matalauci a Tafkin Päijänne na ƙasar Finlan. Ya lura cewa idan babban kifi ya faɗa cikin garken ƙanana, wanda iyonsa ya karkace yake ɗauka. A 1936 ya fere wani ɗan koto da wuƙar baduku, ya naɗe shi da takardar ƙyallin cakulan, ya narkar da fim ɗin hoto ya rufe shi da shi, yana ta fere-fere har sai da ya samu irin wannan karkataccen iyo. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana gwada koto a tankin ruwa yana daidaita shi da hannu kafin a sa shi a kwali. Abin da ya kai a gwada ɗaya bayan ɗaya a masana'anta, ba abin mamaki ba ne idan ya lalace a hannun wanda ya canza masa ƙugiya da ka.

Sau da yawa dabarar masu fatsa ce take komawa hajar kamfani. Masu kamun kifin bas a tafkunan yankin Ozark na Amurka sun daɗe suna naɗa wa koto wayar dalma domin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa lokacin sanyi. Daga baya kamfanoni suka fara ƙera koto mai tsayawa da kansa, kamfanin Storm kuma ya shiga sayar da 'yan gutsattsarin dalma masu gam, SuspenDots da SuspenStrips, don wannan aiki.

Abin da babban kifi yake yi wa koto

Kamfani yana ƙera koto ne don kasuwa mai faɗi, inda kifin da aka fi kamawa bai wuce 'yan kilo ba. Ga irin wannan kifi siririyar ƙugiya ta fi, domin tana shiga da sauƙi, ba ta da nauyi, ga araha. Amma tsakanin hannun mai fatsa da bakin kifi akwai abubuwa a jere: zare, ƙulli, majuyi, idon koto, wayar da ke cikin jikinsa, zobe, sai ƙugiya. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne zai saki, kuma idan an ƙarfafa zare da sanda, raunin yakan koma kan zobe da ƙugiya.

Ba jan kifin kaɗai ne yake buɗe ƙarfe ba. Dogon koto mai tauri yana zama kamar ƙarfen ɓamɓarar ƙusa a bakin kifi: idan ya girgiza kai ko ya yi birgima, jikin koton ne yake murɗa ƙugiyar har ta miƙe ko ta fita. Abin ya fi muni idan ƙugiyar gaba ta kama muƙamuƙin ƙasa, ta baya kuma ta kama kumatu, domin duk lokacin da kifin ya wangale baki yana jan su biyun ne zuwa ɓangarori dabam-dabam, da ƙarfin da ya zarce wanda zaren yake ɗauka. Shi ya sa ake ganin ƙugiya ta miƙe alhali zaren da bai kai ta ƙarfi ba yana nan lafiya. Zaren kitso na zamani, wanda ya bazu daga farkon shekarun 1990, ya ƙara wa matsalar nauyi. Zaren nailan yana miƙewa ya shanye fizga, na kitso kuwa kusan ba ya miƙewa, sai ya kai fizgar gaba ɗayanta ga ƙugiya.

Ƙugiyoyi da zobba

Wannan shi ne gyaran da aka fi yi, kuma shi ne ya fi tasiri. Yawancin koto mai tauri yana zuwa da ƙugiya mai baki uku, guda biyu ko uku. Ana auna girman ƙugiya da lamba: daga 1 zuwa sama, lamba tana ƙaruwa ƙugiya tana ƙanƙancewa, ta yadda lamba 6 ba ta kai lamba 2 ba, daga 1/0 kuwa abin ya juya, 5/0 ta fi 2/0 girma. Kaurin ƙarfe kuma ana nuna shi da alamar X, kamar 2X, 4X ko 6X. Waɗannan lambobi ba su da ma'auni ɗaya a tsakanin kamfanoni, 3/0 ta wannan ba lalle ta yi daidai da 3/0 ta wancan ba, don haka masu gyara sun fi dogara ga ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Suna auna ƙugiya da zoben da suka cire, su nemi masu ƙarfi waɗanda nauyinsu bai yi nisa da na farko ba.

Idan hakan bai samu ba, akwai hanyoyin rage asara. Koto mai ƙugiya uku akan cire masa ta tsakiya, a raba nauyinta ga biyun da suka rage. Akan kuma sa ƙugiya mai kauri amma ƙarama da lamba ɗaya. Wani abin lura shi ne tsawo: manyan ƙugiyoyi biyu a jikin gajeren koto suna iya sarƙewa da juna a lokacin jifa, ko ta gaba ta hau kan leɓe, sai koton ya dawo yana juyi kamar ganye. Ƙugiya mai gajeren wuya ita ce maganin wannan.

Sauya mai baki uku da mai baki ɗaya shi ne abin da masu fatsa suka fi yin saɓani a kai. Masu goyon baya suna cewa ƙarfin fizga yana taruwa a tsini ɗaya maimakon ya rabu uku, bakin ƙugiyar ya fi faɗi don haka ta fi kama nama mai yawa, kuma babu wani tsini na biyu da kifin zai dogara da shi ya murɗe ta. Masu adawa suna cewa kifin da ya doki koto da gefen baki ya fi tsira idan tsini ɗaya ne. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma irin kifin ne yake raba gardamar. Tsage bakinsa ƙashi ne da haƙora, wurin da tsini zai shiga kaɗan ne, ga shi yana tsalle yana girgiza kai da zarar ya ji ƙarfe. Shi ya sa a Zambezi da Tafkin Kariba aka saba cire mai baki uku daga koton cokali da mai faranti a sa guda ɗaya mai kaifi. Maski kuwa yana danne koto da haƙora har ya hana shi zamewa, masu binsa sun fi riƙe mai baki uku. Idan za a sa mai baki ɗaya, akwai wadda aka ƙera idonta a layi ɗaya da tsininta domin ta rataya daidai da zobe guda. Ƙugiya ta yau da kullum sai an haɗa mata zobe biyu, in ba haka ba za ta kwanta a gefe. An saba juya tsinin ta ciki ya dubi ƙasa, na ta wutsiya ya dubi sama.

Masu bin maski suna da wata dabara tasu. Suna lanƙwasa baki biyu na ƙugiyar ciki su baje su gefe da gefe, har ƙugiyar ta yi siffar harafin T, domin ta kwanta a jikin koton ba tare da ta kankare fentinsa ba, tsinayen kuma su leƙo waje da faɗin jikinsa. Suna kuma yawo da almakashin yanke ƙarfe, su datse ƙugiyar da ta yi nisa a bakin kifi maimakon su yi ta fama da ita, daga baya su sa sabuwa.

Kaifi ya fi kauri saurin lalacewa. Ana wasa tsini da ƙaramin magagari, a goge gefe biyu ko uku zuwa tsinin, sannan a gwada a kan farce: mai kaifi tana kamawa, dakusasshiya tana zamewa. Sabbin ƙugiyoyin da aka wasa da sinadari a masana'anta ba sa buƙatar magagari, goge su ma yana cire rufin da ke hana tsatsa.

Zoben da ke haɗa ƙugiya da koto irin zoben makulli ne, waya ce da aka naɗe sau biyu, wasu manya sau uku. Shi aka fi mantawa da shi, shi kuma ya fi yawan saki. Akwai filaya ta musamman mai ɗan haƙori a baki da ake buɗe shi da ita. Idan aka buɗe shi fiye da kima wajen zura ƙugiya mai kauri, ba ya komawa ya rufe, kuma zoben da ya bar 'yar kafa ya riga ya mutu ko da sabo ne. Zoben da ya yi wa idon koto kauri kuma yana cijewa, ya hana ƙugiya lilo. Wasu suna jera zobe biyu, ko su ɗaure ƙugiyar da gajeriyar igiya mai ƙarfi, domin ta samu damar juyawa kifin ya rasa abin murɗawa.

Duk wannan ba shi da amfani idan idon da zoben ya rataya a kai zai fita daga jikin koton. Koton da waya ɗaya ta ratsa shi daga hanci zuwa wutsiya yana riƙe kifi ko da katakon ya farfashe. Wanda idanunsa sukurori ne da aka murɗa cikin katako, masu bin tucunaré da maski sukan kwance su, su cika ramin da gam mai ƙarfi, su mayar da su ko su sa waɗanda suka fi tsawo.

Nauyi

Koto yana da hali uku idan aka daina jan sa: ya taso sama, ya nutse, ko ya tsaya inda yake. Abin da ke raba su shi ne nauyinsa idan aka gwada da nauyin ruwan da ya ture, kuma a ƙaramin koto abin da bai kai giram ɗaya ba yana iya mayar da mai tasowa mai nutsewa. Tsayawa cak tana da daraja saboda manyan kifaye sukan bi koto a baya ba su taɓa shi ba, sai ya tsaya a gaban hancinsu sannan su yanke shawara.

Inda aka sa nauyin ya fi yawansa muhimmanci. A ƙarƙashin maƙogwaro, kusa da leɓe, yana sunkuyar da kai, koton ya nutse da sauri. A tsakiyar ciki yana rage birgima ya sa koton ya jure gudu. A wutsiya yana ƙara nisan jifa, amma yana danne kaɗawar wutsiyar, wadda sau da yawa ita ce amfanin koton. Hanya mafi sauƙi ita ce liƙa tef ɗin dalma a ciki, ko naɗa siririyar waya a wuyan ƙugiyar gaba, domin ana iya cirewa idan bai yi ba. Ta dindindin ita ce huda katakon a cusa dalma a rufe da gam. Ramin da ba a rufe da kyau ba yana shan ruwa, katakon ya kumbura fenti ya tsage. Tangistan ya fara maye gurbin dalma a wannan aiki. Ya fi ta tsada, amma nauyinsa giram 19.3 ne a kowace santimita kubik, na dalma kuwa 11.3, don haka ƙaramin rami ya ishe shi.

Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi nauyi. Koton da aka daidaita ya tsaya a bokiti cikin ɗaki zai iya tasowa a tafki mai sanyi, wanda aka daidaita da sanyi kuma ya nutse da bazara. Gwaji na gaskiya a bakin ruwan ake yin sa, da wayar gaba da majuyi a ɗaure, tunda su ma suna da nasu nauyin.

Ido da leɓe

Koton da ke iyo yana karkata gefe ɗaya, idonsa na gaba ne ya goce daga tsakiya, abin da ke faruwa bayan kokawa da babban kifi ko karo da dutse. Ana gyara shi da filaya, a lanƙwasa idon zuwa gefen da ake so koton ya koma: mai tafiya hagu a karkata idonsa dama. Lanƙwasawar kaɗan ce ƙwarai, wadda ido ba ya ma gani sosai, a gwada a ruwa, a sake. Murɗa idon maimakon lanƙwasa shi yana sassauta shi a cikin jiki. Wasu suna karkatar da koto da gangan, domin ya shiga ƙarƙashin dutse ko reshen da jirgi ba zai iya matsowa kusa ba.

Leɓe shi ne ɗan farantin roba ko ƙarfe da ke gaban koto, wanda ruwa ke dannawa ya nutsar da shi ya kuma kaɗa shi. Dogon leɓe da ya miƙe kusan a layi ɗaya da jiki yana kai koto zurfi. Gajere da ya dubi ƙasa yana riƙe shi kusa da sama. Mai faɗi yana ba da kaɗawa mai faɗi, siriri yana ba da karkarwa. Ana goge bakin leɓe ya yi siriri domin ya yanki ruwa ya ƙara zurfi, ana kuma rage tsawonsa don ruwa marar zurfi. Wannan gyara ba ya komawa, kuma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya cin magagari koton ya tashi daga aiki. Wasu masu ƙira sun sauƙaƙa abin: StumpJumper na Ostareliya, da ake bin babban kifin kod na Kogin Murray da shi, yana zuwa da leɓɓan da ake cirewa a sauya, Suick na jihar Wisconsin kuma yana da wutsiyar ƙarfe da mai fatsa yake lanƙwasawa ya ƙayyade yadda zai nutse.

Ƙara, launi da sauran nau'o'i

Kifi yana jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, yana kuma jin sauti ta kunnen ciki. Saboda haka ake sa 'yan ƙwallayen ƙarfe a cikin koto su riƙa kacau-kacau, abin da ke taimakawa a ruwa mai laka ko da dare. A wuraren da masu fatsa suka yi yawa akan yi akasin haka, a huda koton a zuba gam ƙwallayen su daskare, bisa ra'ayin cewa kifin da aka taɓa kamawa aka saki yana gudun ƙarar da ya sani.

Launi shi ne abin da ya fi jan hankalin mai saye, amma ruwa yana cinye shi. Ja ne yake fara ɓacewa, cikin 'yan mitoci na farko ko da ruwan garau ne, sai ruwan lemo da rawaya, shuɗi da kore su ne suke kaiwa zurfi. Jan ɗigon da aka zana a maƙogwaron koton da zai yi iyo a zurfin mita goma ya fi yi wa mai fatsa amfani a zuciya fiye da yadda yake yi a idon kifi. Abin da ya fi tabbata shi ne bambancin haske da duhu: baƙin baya, farin ciki, da ƙyalli a gefe.

Koton roba mai taushi ya fi kowanne sauƙin gyara. Ana rage shi da almakashi, a tsoma wutsiyarsa a tafasasshen ruwa ta miƙe ta yi laushi, a cusa masa ƙusar nauyi, a rina bakin wutsiyar. Masu bin faik a Suwidin da Holan suna ƙara ƙugiya ta biyu a kan gajeriyar waya zuwa wajen wutsiya, saboda kifin da ke cizon baya. A koto mai faranti kuwa farantin ake sauyawa: mai zagaye yana bugun ruwa da ƙarfi ya ɗaga koton sama, dogo siriri mai siffar ganye yana ƙyalli ya bar shi ya yi ƙasa.

Giwan ruwa a Tafkin Nasser

Giwan ruwa yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, kuma manyan kusan duk mata ne. Wanda ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin kamun kifin wasa ta duniya, ta rubuta a matsayin mafi girma da aka kama da sanda da zare yana da kilo 104, an kama shi a Tafkin Nasser a watan Disamba na 2000. Tafkin ya taru ne a bayan Babbar Madatsar Aswan da aka gina tsakanin 1960 da 1970, tsawonsa kusan kilomita 500, ƙarshensa na kudu yana cikin Sudan. Ruwan ya haɗiye tuddai da duwatsun hamada, waɗanda suka zama tsibirai da gangare a ƙarƙashin ruwa, kuma a nan giwan ruwa yake laɓewa yana jiran karfasa.

Hanya biyu ake bi: jan koto a bayan jirgi a hankali ta gefen waɗannan duwatsu, ko jifa daga kan gaɓa. Nau'o'in koton da suka yi suna a tafkin ba don shi aka ƙera su ba. Super Shad Rap na Rapala, mai tsawon santimita 14 da nauyin giram 45, katakon balsa ne. Depth Raider don maski aka yi shi. Russelure kuwa gaba ɗayansa ƙarfe ne. Canza ƙugiya da zobe kafin a jefa koto ya zama abin da aka saba a nan, kuma koton balsa ne yake nuna wahalar aikin, domin rashin nauyinsa ne yake ba shi iyon da kifin ke so, ƙarfen da zai riƙe kifi mai kilo 50 kuma yana neman danne shi.

Yadda kifin yake ci ma yana shiga lissafi. Ba ya yanka da haƙora kamar tsage, wangale baki yake yi ya zuƙe abincin tare da ruwa, don haka koton yakan shige gaba ɗaya, zaren ya riƙa goga a kan ƙananan haƙoransa masu kaushi kamar sanfefa. Gefen kumatunsa kuma yana da kaifi. Da zarar ya ji ƙugiya yakan nufi duwatsu, ko ya fito da rabin jikinsa sama yana girgiza kai baki a buɗe. Saboda haka ake ɗaura guntun nailan mai kauri sosai a gaban koton, ko waya inda tsage ya yi yawa. Wannan guntu yana da nauyi da tauri, kuma idan aka ɗaure shi tamau a idon koto yana rage kaɗawa, sai a haɗa su da zobe ko ƙulli mai madauki.

Kifin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Yana cikin kogunan Neja da Binuwai, da Tafkin Chadi da na Kainji, kuma shi ne kifin da ake fatan fitowa da shi a bikin kamun kifi na Argungu, inda ake shiga ruwan Matan Fada da koma da gora, babu ƙugiya. Sana'ar su a waɗannan ruwaye ta dogara ga raga da mamari mai koto na gaske. Inda fatsar wasa ta kafu kusa shi ne Kogin Faro na arewacin Kamaru, reshen Binuwai, wanda baƙi ke zuwa da rani suna bin giwan ruwa da tsage da koton jabu, su saki abin da suka kama.

Dokoki da lafiyar kifi

Ba kowane gyara doka ta yarda da shi ba. Ƙa'idar IGFA, wadda aka kafa a 1939, ta taƙaita ƙugiyoyin koto mai tauri zuwa uku, kuma dole su kasance suna lilo, ba a kafe su a jiki ba. A ruwan daɗi guntun gaba ba zai wuce mita 1.82 ba. Kifin da aka kama da kayan da suka saɓa wa wannan ba ya shiga kundinta. Wasu wurare sun wajabta danne kunnen ƙugiya, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsini mai hana ta fita. Lardin Manitoba na Kanada ya wajabta haka a duk ruwayensa, British Columbia kuma ta ce baki ɗaya marar kunne a dukkan kogunanta. Ana danne kunnen da filaya cikin daƙiƙa kaɗan, ƙugiyar ta fi saurin shiga, ta fi saurin fita daga bakin kifi, haka ma daga yatsan mai fatsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke tsakiyar Tafkin Nasser, nesa da asibiti, da ƙugiya ɗaya a hannunsa ɗayar a bakin kifi mai rai.

Dalma guba ce ga tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta tare da tsakuwa. Ingila da Wales sun hana ƙananan nauyin dalma na fatsa, daga giram 0.06 zuwa 28.35, a 1987 saboda mutuwar manyan agwagin ruwa da ake kira suwan, Kanada kuma ta hana waɗanda ba su kai giram 50 ba a gandayen dajinta na ƙasa a 1997. Narkar da dalma a ɗaki rufe, ko cije ta da haƙora kamar yadda wasu masu fatsa suka saba, yana cutar da mutum shi ma.

Koton da aka gyara ya kai zurfi yana kawo tasa matsalar inda ake sakin kifi. Giwan ruwa yana da jakar iska a cikinsa da ba ya iya saki da sauri, kuma idan aka ɗago shi daga ƙasa iskar tana kumbura ta hana shi komawa. A irin wannan hali akan riƙe shi a gefen jirgi har ya dawo hayyacinsa, ko a mayar da shi ƙasa da nauyi a kan igiya wadda ake fizgewa idan ya kai zurfin da ya fito.